Otal ya hana mu ɗaki da tsakar dare cikin hunturu: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Hunturun bara muka kama hanya a mota, ni da maiɗakina da yara uku. Ba mu kama ɗaki tun daga gida ba, don ba mu san inda dare zai riske mu ba. Wajen ƙarfe 11 dusar ƙanƙara ta tsananta, muka ratse wani otal na bakin hanya. Matar da ke kan kanta ta dube mu, ta dubi yaran, ta ce babu ɗaki. Ina cikin ɗaura wa autanmu bel sai ga wasu mutum biyu sun shiga, na hango ta gilashi an miƙa musu makulli. Bana ma za mu sake tafiyar. Ina da hakki kuwa?

Amsa: Malam, sannunku da wahala. Kana da hakki, kuma ba na yau ba ne. Ƙa'idar daga dokar Ingila ta samo asali, Amurka da ƙasashe da dama suka gaje ta, don haka a kanta zan ɗora bayanina.

Mai masaukin matafiya ba shi da ikon zaɓen wanda zai sauka a wurinsa. Tun 1835 aka hukunta wani mai masauki, Ivens, saboda ya ƙi buɗe wa matafiyi ƙofa, kotu ta ce tsalawar dare ba hujja ba ce. Dokar masu otal ta Birtaniya ta 1956 kuma ta siffanta otal da wurin da ke karɓar duk matafiyin da ya zo, ko da ba a yi wata yarjejeniya da shi tun farko ba, muddin da alamar zai iya biya kuma yana cikin yanayin da za a iya saukar da shi. Ka ga rashin kama ɗaki tun daga gida bai rage maka komai ba.

Sai dai fa in da ɗakin. A 1902 wani matafiyi, Browne, ya isa masauki cikin dare ya tarar ɗakuna sun cika, ya roƙi a bar shi ya kwana a falo, aka ƙi. Ya kai ƙara, ya sha kaye. Hukuncin nan yana min ciwo duk lokacin da na tuna da yara a cikin mota, amma haka yake: in an cika, doka ba ta tilasta wa kowa ya yi muku shimfiɗa a zaure. Roƙo ne ya rage, kuma ka roƙa ɗin, ka ce su buga wa otal na kusa su tambayar muku.

Batun mutum biyun nan ne ke bukatar natsuwa. Mai yiwuwa sun riga sun kama ɗakinsu, makulli kawai suka zo karɓa. Mai yiwuwa kuma ɗakin da ya rage na mutum biyu ne, ku kuwa biyar ne, kuma ƙa'idar kare gobara tana iyakance yawan masu kwana a ɗaki, har da yara. Duka biyun uzuri ne karɓaɓɓe. Amma in launin fatarku, ko addini, ko ƙasar asali ce ta sa aka ce babu, an taka doka. A 1943 aka yi wa ɗan wasan kurket Learie Constantine da iyalinsa haka a wani otal na Landan. Ya yi nasara a kotu a 1944, ko da yake fam 5 da sule 5 kawai aka ba shi diyya. Yanzu dokar daidaito ta 2010 ce ke aiki a Birtaniya, a Amurka kuma dokar 'yancin jama'a ta 1964. A Birtaniya wata 6 ne wa'adin shigar da irin wannan ƙara, saboda haka na bara ya riga ya wuce ka, sai in kotu ta ga dalilin ɗaga ƙafa.

Bana in ta sake faruwa, kada ka ɗaga murya. Tambaye ta a hankali: babu ɗaki ko ɗaya ne, ko babu wanda zai ɗauke mu? In na biyun ne, ka nemi ɗakuna biyu. Kana tsaye a wurin ka buɗe shafin otal ɗin a wayarka. In yana nuna akwai ɗaki, ɗauki hotonsa da lokacin a jiki, ka nemi manaja, ka rubuta abin da aka faɗa maka tun kafin ka tayar da mota. Da irin wannan shaida ake cin shari'a. Kallon da aka yi muku, duk zafinsa, alƙali ba zai iya auna shi ba.

Ka sani kuma ƙananan gidajen baƙi da gidajen haya na intanet galibi ba sa cikin wannan tilas, kuma wurin da ya ce manya kawai yake saukarwa, ban da yara, bai saɓa dokar 2010 ba. Otal yana iya neman kuɗi kafin ya ba da makulli. Kada ka ɓoye yawan yaranka don a ba ka ɗaki, saɓa sharaɗi ne da za a iya fitar da ku a kansa. In kun samu, ku kwashe kayanku zuwa ciki, domin alhakin da dokar 1956 ta ɗora wa mai otal kan kayan baƙo bai haɗa da mota da abin da aka bari a cikinta ba.

Tun rana ba ta faɗi ba maiɗakinka ta fara buga wa otal-otal na garin da ke gabanku, tana faɗin ku nawa ne. Da an ce an riƙe muku ɗaki, ta nemi saƙon tabbaci a rubuce. Daga nan alkawari ya ƙullu, saɓa shi kuma yana da diyya. In kuwa ƙaddara ta sa dole ku kwana a mota, don Allah kada ku yi barci inji na aiki. Dusar ƙanƙara kan toshe salansa, hayaƙin da ba shi da wari ya cika motar. Ku nemi tashar hutawar matafiya mai buɗe dare da rana, in sanyi ya fara galabaitar da yaro kuma ku kira lambar gaggawa, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.