Amsar tambayarka kan keke da masu sauka daga bas

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa nan take ba ne saboda maganar ba ta layi biyu ba ce. Da farko dai Alhamdulillahi da abin ya tsaya iya nan, kai lafiya ita ma lafiya. Yadda na fahimta kana tafe kan kekenka a layin da aka ware wa masu keke, bas ta tsaya tana sauke mutane, ka kauce wa wani rami, sai ga wata baiwar Allah ta sauko da kaya a hannu, hannun kekenka ya goge ta kayan suka zube, ta yi ta faɗa mutane suka taru, kai kuma ka tsaya kana cewa ai layinka ne. Shi ne kake tambayata wai a al'adar hanya waye mai gaskiya, kuma dole ne sai ka ba da haƙuri alhali ba kai ka haƙa ramin ba.

To ba zan yi maka kwana-kwana ba, kai ya kamata ka fara ba da haƙuri, ka jingine keken ka durƙusa ka taya ta tsince kayanta. Ba wai don na ce ba ka da hujja ba, hujjarka na nan, amma abin da muka taso muka tarar shi ne wanda ke bisa abin hawa shi ke sassautowa ga wanda ke ƙasa. Ko a sallama ma haka aka koya mana, mahayi ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa. Dalilin a fili yake, kai ne da ƙarfe, kai ne da gudu, in aka yi karo jikinta ne zai fi jin jiki. Kuma kar ka ɗauka maganar tsofaffi ce kawai, a Birtaniya ranar 29 ga Janairun 2022 sai da suka gyara dokokin hanyarsu suka rubuta shi ƙarara, cewa wanda ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa, mai babbar mota ya kula da mai ƙarama, mai mota ya kula da mai keke, mai keke kuma ya kula da mai tafiya a ƙasa. Ka ga kenan yadda kake jin haushi in mota ta matse ka a gefen titi, haka ita ma matar nan ta ji game da kai.

Akwai abin da ban gane ba sai da girma ya zo gwiwa ta fara ciwo. Mutumin da ke saukowa daga bas wallahi ba ya ganinka. Ni yanzu in zan sauka hannuna ɗaya na riƙe da ƙarfen ƙofa, idona gaba ɗaya na kan matakala da inda zan ajiye ƙafa, na baya na turo ni, direba na ɗan motsa motar alamar yana sauri, injin na ƙara a kunnena, a wannan daƙiƙa biyu ukun ko raƙumi ne ya taho ta gefe ba zan sani ba balle keke da ba shi da sauti. Ga kuma jikin bas ɗin kanta da ta tare min gani. To ka ƙara da mai goyo, ko mai riƙe da hannun yaro, ko wanda ya hango bas ɗinsa za ta tashi ya yanko da gudu ba ya duba ko'ina. Shi ya sa tun muna samari ƙa'idarmu ɗaya ce, in ka ga bas ta tsaya ƙofa a buɗe ka ɗauka akwai mutum da zai faɗo gabanka ko ba ka gan shi ba, ka daina taka feda tun daga nesa, yatsu biyu na kan birki.

Lissafin ma ba wuya. Keken da ke gudun kilomita 20 a awa yana cin fiye da mita 5 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani hannu ya matse birki daƙiƙa guda ta kusa tafiya, kenan ka riga ka ci wannan tazarar ba ka ma fara tsayawa ba. In ka ninka gudu sau biyu kuma nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake zama.

Yanzu maganar ramin, nan kam ina tare da kai, domin masu tafiya a ƙasa da yawa ba su san abin da mai keke ke fama da shi ba, suna ganin yana wasa ne da hanya in ya yi zilliya. Kuma ka lura duk titi ba inda ya kai bakin tashar bas lalacewa. Mota ce mai nauyi take taka birki a wuri ɗaya, ta tsaya, ta sake figa daga wuri ɗaya, sau ɗari a rana, in rana ta yi zafi kwalta ta yi laushi sai ta tattare ta yi kunya-kunya kamar an ja ta, shi ya sa a wasu biranen suke zuba kankare a daidai inda bas ke tsayawa. Da ta tsage kuma ruwa ya samu hanya ya shiga ƙasa ya jiƙa abin da ke riƙe da ita, taya na bi ta kai tana ɓantara, ramin da ya fara kamar tafin hannu kafin ka ankara ya haɗiye tayar gaba. Ga baƙin mai da gas da ke ɗiga daga motocin, ga yashi da tsakuwa da iska da ruwa ke tarawa a gefe daidai inda aka ce mai keke ya bi, ga murfin magudanar ruwa mai tsagi a tsaye wanda siririyar taya ke iya faɗawa ciki.

Ni kaina na taɓa sha. Yayyafi ne aka yi bayan an daɗe ba a yi ruwa ba, irin wanda ke taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta bai kai ya wanke shi ba, na zo wucewa ta gaban tasha na hau wani murfin ƙarfe a karkace ina ɗan taɓa birkin gaba, ban san lokacin da na ji ni a ƙasa ba, kafaɗa ta bugu, keken ya sulale ya je ya tsaya a ƙafar wani dattijo mai sanda. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake, don da taku ɗaya ya ƙara da ni na karya shi. Tun daga ranar na koyi cewa ƙarfe jiƙaƙƙe da fentin layi jiƙaƙƙe a miƙe ake haye su, ba birki ba kwana, kuma a kan yashi ba a damƙe birkin gaba.

Amma ka ga inda kuskurenka yake, ka ce kullum ta nan kake bi, kenan ramin nan ba baƙonka ba ne. Wanda ya san akwai rami a gaban tasha tun kafin ya iso yake rage gudu, ya waiga baya, in da hali ya kauce ta ɓangaren da ba mutane, in babu hali ya sa ƙafa ƙasa ya jira. Kauce wa rami ka faɗa kan mutum ba kaucewa ba ce.

Batun wai layinka ne kuma, ka bi a hankali da wannan magana, ba ko'ina dokar take ɗaya ba. A Denmark da suke gwanayen keke, in bas ta tsaya tana sauke fasinja kai tsaye a kan layin keke ba wani dandamali a tsakani, mai keke ne doka ta ce ya tsaya har su gama hawa da sauka, sai in akwai dandamalin ne fasinja ke jira ya samu sarari kafin ya tsallaka. A Landan sun gina tashoshi da layin keke ke zagayawa ta bayansu don raba masu keke da manyan motoci, dabara ce mai kyau ta wani fannin, amma ƙungiyoyin makafi sun daɗe suna kuka da ita, kuma ni ina ganin kukansu na kan hanya, makaho da kunne yake tsallaka titi, mota yana jin ta, keke kuwa sai ya iso jikinsa. Ka bincika abin da dokar inda kake ta ce, ka san shi, amma ko ta ba ka gaskiya ba ta ce ka bi ta kan mutum ba.

Su ma masu jiran bas ba na wanke su, masu tsayawa tsakiyar layin keke ido na kan waya kunne a toshe, ko a jibge kaya a kan hanya, wannan rashin kyautawa ne kuma in ni ne a wurin zan faɗa musu. Sai dai ƙararrawa ba ta kora ba ce, tun daga nesa ake kaɗa ta sau ɗaya a hankali don mutum ya san kana tafe, in ka bari sai ka zo bayansa ka kaɗa razana zai yi, kuma wanda ya razana ba ka san ta inda zai yi tsalle ba, sau da yawa gabanka yake faɗowa.

Ramin kuma kar ka bar shi haka, ka ɗauki hotonsa ka kai ƙorafi wurin hukumar da ke kula da titin, ka faɗi daidai inda yake, in ba su zo ba ka sake. Tunda kusan lokaci ɗaya kake wucewa kullum da wuya ba ka sake haɗuwa da matar ba, in ka gan ta ka sauka ka gaishe ta ka ce ta yi haƙuri da na rannan. Sannan ka duba robar birkinka ta baya, wancan zuwan da ka yi na ga ta cinye sosai, ka canza ta cikin satin nan. Ka gaishe min da mamanka da ƙannenka.