Makina ya fi na ƙawata, amma ita aka ɗauka

Assalamu alaikum Anti. Na daɗe ina son rubuto miki, nauyi ne ya hana ni, amma yanzu abin ya kai ni maƙura. Shekara biyu ke nan ina neman gurbin digiri na biyu a fannin manufofin gwamnati da hulɗar ƙasa da ƙasa. Bara na nemi makarantu uku, duka suka ƙi ni. Ɗaya ma sai da ta ajiye ni a jerin masu jira wata biyu cur, ina duba imel dare da rana, daga ƙarshe ta ce gurbi ya cika.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙawata. Tare muka gama jami'a, ɗaki ɗaya muka zauna, ita an ɗauke ta har da tallafi. Ni na fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ita ta biyu. A jarrabawar GRE, wadda wasu jami'o'in ƙasashen waje ke nema kafin shiga digiri na biyu, na ci 164 a ɓangaren lissafi, ita 155. Wallahi Anti ni nake zaunar da ita ina koya mata lissafin nan. Ba hassada nake yi ba, Allah ya sani na taya ta murna, amma ta yaya 155 za ta wuce 164?

Yanzu duk wanda na ji ya samu sai na tambayi makinsa, na rubuta a littafi, in kwatanta da nawa. Na fi da yawansu. Ƙawata dai ta cika takardarta ta neman gurbi da labarin aikinta. Ni aikina ba na a zo a gani ba ne, shekara huɗu ina wata ƙaramar ƙungiya muna tattara bayanan yaran da suka bar makaranta muna miƙa wa hukuma, layi biyu kawai na ba shi, sauran wurin na bayyana burina na zama jami'ar diflomasiyya. Ba hassada ba ce Anti, amma ko kiranta ba na iya ɗauka yanzu. Don Allah ki faɗa mini gaskiya, kashi nawa cikin ɗari nake da shi bana? Ko in sake zama jarrabawar karo na uku in kai 168?

'Yarki mai damuwa

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki faɗa mini abin da kika karanta a digirin farko ba, ba ki kuma ce ga waɗanda suka rubuta miki wasiƙun shaida ba. Zan amsa da abin da kika ba ni.

Lissafin kashi cikin ɗari da kike nema, duk wanda ya ba ki shi daga maki kawai ya yaudare ki. Littafin nan naki na ɗauke da lambobi, amma ba ya ɗauke da takardun da mutanen suka rubuta, ko abin da shugabanninsu suka shaida a kansu. Kuma waɗanda aka ƙi da maki mai yawa ba sa yawo suna ba da labari.

Ni inda na tsaya a wasiƙarki shi ne layi biyun nan. Na karanta wurin sau uku, raina ya ɓaci. Shekara huɗu kina bin yaran da suka bar makaranta, kina ƙirga su, kina kai wa hukuma, sannan ki ce ba aikin a zo a gani ba ne? 'Yata, shi ne ainihin abin da ake koyarwa a makarantun nan: yadda ake gano matsala, a auna girmanta, a sa masu iko su motsa. Kin riƙe shi a hannu kika jefar, kika cika takarda da burin da kowane mai nema zai iya rubutawa. Masu tantancewa suna karanta ɗaruruwan takardun masu son zama jakadu. Wadda ta san dalilin da ya sa yarinya take daina zuwa aji, da abin da ya faru bayan an miƙa rahoto, ita ce ba su cika samu ba. Ƙawarki ta gane haka. Da ni ce a kwamitin, ita zan ɗauka.

Waɗannan makarantun horar da ma'aikata ne, aikin da aka yi yana da nauyi a wurinsu. Dubi tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya: sai mai nema ya yi aikin shekara biyu, awa 2,800, kafin a duba takardarsa. Tsarin manyan ma'aikata na makarantar Kennedy a Harvard yana neman ƙwarewar shekara bakwai. Makarantar manufofin gwamnati ta jami'ar Princeton, wadda take biya wa duk wanda ta ɗauka kuɗin karatu, tana sa mai nema ya rubuta gajeren rahoton shawara kan wata matsala, irin wanda ake miƙa wa mai yanke hukunci. Wa ya fi ki abin rubutawa a nan?

Batun jarrabawa, ki bar ta haka. Ƙololuwar makin lissafi 170 ne, 164 ya riga ya nuna za ki iya da darussan tattalin arziki da ƙididdiga, kuma sakamakon yana aiki har shekara biyar. Wasu makarantun ma sun daina wajabta ta. Abin da za ki duba shi ne shaidar Turanci, TOEFL ko IELTS, don shekara biyu kawai take yi.

Bari in juyo gare ku masu karatu, don wannan ciwon ba nata ba ne ita kaɗai. Kullum sai na ga yaranmu masu hazaƙa suna raina aikin hannunsu saboda ba a babban ofishi aka yi shi ba. Ku nemi wasiƙar shaida wurin shugaban da ya ga guminku, ko da ba shi da suna, ya fi babban mutumin da bai san fuskarku ba. Ku kuma daina zuba ƙwanku duka a makarantu biyu ko uku da kowa ke rububi. Akwai Fletcher da Georgetown a Amurka, akwai Blavatnik a Oxford mai tsarin shekara ɗaya, akwai Hertie a Jamus, da makarantar Lee Kuan Yew a Singafo. Ku nema a inda karatun ya dace da aikinku, kuma ku tambayi batun tallafi tun farko, don gurbin da ba a iya biya baƙin ciki ne na biyu.

Ke kuma 'yata, sau biyu kika ce ba hassada ba ce, ni ban tambaye ki ba. Ban zarge ki ba, zafin rashi ne, amma kada ki bari ya raba ki da mutum ɗaya tilo da ta bi hanyar nan ta fita. Yawancin manyan makarantun Amurka suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, lokaci ba ya jira. Ki kira ta yau, ki roƙe ta ta ba ki takardarta ki karanta, ta kuma karanta taki. Sannan ki zauna ki rubuta yara nawa kuka ƙirga, me hukuma ta yi da bayanan, me ya gagara, kuma wane ilimi ne kika ga kin rasa a lokacin. Idan kin gama ki aiko mini in gani.