Ta yaya kotu ke zaƙulo wanda ya ɓoye sunansa a intanet?

Tambaya: Ina zaune a Amurka. Wani ya buɗe shafi da sunan bogi yana yi wa kasuwancina ƙage. Lauyana ya ce ana iya maka shi a kotu ko ba a san ko wane ne ba. Anya kuwa?

Amsa: Malam, lauyanka ya yi gaskiya. Ana shigar da ƙarar da sunan "John Doe", wato wane. Sai dai a kotun tarayya, ƙa'ida ta 26(d) cikin ƙa'idodin shari'ar farar hula ta hana neman bayanai kafin ɓangarorin biyu su zauna, alhali ba a zama da wanda ba a sani ba. Shi ya sa lauya ke roƙon alƙali izinin bincike da wuri, ya nuna cewa ƙarar na da tushe, an kuma gwada wasu hanyoyin an kasa.

Idan an samu izini, sammaci biyu ake aikawa. Na farko ga mai dandalin da aka buɗe shafin, ya miƙa imel da lambar IP (lambar da ke nuna layin intanet ɗin da aka yi amfani da shi) da lokacin da aka shiga. Saƙonnin cikin akwati kuwa wata dokar kare sirrin sadarwa ta 1986 ta hana shi bayarwa. Na biyu ga kamfanin da ke ba da layin intanet, ya faɗi wanda ke riƙe da lambar a wannan daƙiƙar. Kamfanin kan sanar da mutumin, wanda ke iya neman a soke sammacin.

A batun ɓata suna alƙalai na tsaurarawa, domin tsarin mulkin ƙasar ya kare magana ba tare da suna ba. Hukuncin shari'ar Dendrite da wata kotu ta yanke a 2001 a jihar New Jersey ya ce a yi ƙoƙarin sanar da marubucin, a kawo ainihin kalmominsa, a kuma gabatar da hujja. Ƙarya za ka nuna; zagi da ra'ayi ba sa isa.

A ganinmu jinkiri ne ya fi kashe irin wannan ƙara. Kamfanoni na goge bayanan IP bayan ɗan lokaci, don haka tun ranar farko a aika musu takardar neman adana su. A rubuta lokaci daidai, a kuma faɗi da agogon wane yanki aka auna shi: kuskuren awa ɗaya na iya kai ka ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba.

Ko an samu suna ma, na mai biyan kuɗin layi ne. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta yanki na 9 ta ce wannan kaɗai bai nuna shi ya aikata ba. In kuma da VPN (manhajar da ke ɓoye lambar IP) marar ajiye bayanai ya shiga, galibi nan sawu ke ɓacewa.