Tambaya da Amsa: Farar shaddar ango ta ƙone a hoto, ko tana gyaruwa?

Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne, ban daɗe da kama sana'ar ba. Ranar Juma'a na ɗauki wani ɗaurin aure a ƙofar masallaci bayan an sauko, rana na tsaka. Ango ya sha babbar riga ta farar shadda mai aiki a ƙirji. A jikin kyamara komai lafiya lau na gani, amma da na zuba a kwamfuta sai na tarar fuskoki sun fito tas, rigar kuwa ta zama fari fat, babu aikin babu zanen shaddar. A JPEG na ɗauka don memorina ƙarami ne. Ina da Photoshop da Lightroom. Ango ya matsa mini da maganar albam. Akwai dabara? Daga wani ɗan'uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa komai tukuna. Ka fara gano ko rigar ta ƙone ƙurmus ne, ko kuwa idonka ne kawai ya ce ta ƙone, domin gyaran biyun ba ɗaya ba ne.

Hoton JPEG ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo lamba uku yake riƙe da su: ta ja, ta kore, ta shuɗi. Kowace lamba daga 0 take farawa ta tsaya a 255, mataki 256 ke nan, haka aka tsara shi tun da aka fito da shi a 1992. Idan duka ukun suka kai 255, fari ne tsantsa. Kamar mudu ne a hannun mai awo, in ya cika ya yi tozo, duk hatsin da aka ƙara a ƙasa yake zubewa. Zaren aikin da yadin shaddar haskensu ya bambanta a ido, amma idan su biyun sun wuce bakin mudun, kyamara 255 ta rubuta wa kowannensu, kuma babu manhajar da za ta iya raba su bayan haka. Sai dai sau da yawa abin da ido yake kira fari fat, in ka auna sai ka ga 243 ne, ko 248, ko 251. Wannan 'yar tazarar ita ce jarinka.

A Photoshop danna F8, akwatin Info zai buɗe, ka riƙa yawo da linzami a kan ƙirjin rigar kana karanta lambobin. A Lightroom kuma, a ɓangaren gyara, danna harafin J, duk inda ya ƙone zai rine ja. Bayan nan ka buɗe Channels a Photoshop ka kalli ja shi kaɗai, kore shi kaɗai, shuɗi shi kaɗai. Mutane da yawa ba sa leƙa nan, alhali nan ne ake tsintar dami a kala. Launukan uku ba lallai su cika lokaci guda ba. Idan zaren aikin ruwan madara ne ko ruwan zuma, ja ne yake fara cika, shuɗi ya rage a baya, sai ka ga aikin nan raɗau a cikin shuɗin ko da ya ɓace a hoton gaba ɗaya. Idan kuma shaddar irin mai ɗaukar ido ce da ta ɗan karkata ga shuɗi, to a cikin ja za ka neme shi.

Mu ɗauka ka samu saura. Ka kwafi hoton ka ajiye na asalin a gefe, kada ka yi aiki a kansa. Ka mayar da kwafin zuwa bit 16, wato mai matakan haske da suka fi 256 ɗin JPEG yawa nesa ba kusa ba, ka adana shi a TIFF ko PSD, nau'o'in fayil da ba sa zubar da komai in an adana. Hakan ba ya dawo da abin da ya tafi, amfaninsa shi ne hasken ba zai kakkarye ya yi layi-layi ba yayin da kake jan sa. Dalilin barin JPEG a lokacin aiki kuwa, duk sanda ka adana shi sai ya sake matse hoton ya zubar da wani abu, to in ka yi haka sau biyar kana gyara, da hannunka kake ƙarasa rigar.

A Lightroom, ka zagaye rigar kaɗai da burushi, sannan ka ja Highlights baya, ka ɗan taɓa Whites. Na ce rigar kaɗai domin in ka ja wa hoton duka, goshin mutane da kumatunsu za su mutu, su zama kamar an shafa musu toka. A Photoshop ni Curves na fi so, saboda yana ba ka dama ka kama 'yar tazarar nan ta sama, misali daga 235 zuwa 255, ka baje ta ta fara daga wajen 200. Nan take zanen shaddar zai fara leƙowa. Amma fa wani abu zai biyo shi. JPEG yana yanka hoto gida-gida ne, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance. Da ka matsa da ja, gidajen nan za su bayyana kamar an shimfiɗa tayil a ƙirjin ango. Da ka fara hango su ka dakata, ka ɗan koma baya, sannan ka yayyafa ɗan Grain kaɗan a wurin ya rufe gaɓoɓin.

Idan a launi ɗaya ka samu aikin, ka kwafe wannan launin ka liƙa shi a sabuwar shimfiɗa (Layer) a saman hoton, ka sa yanayin haɗinsa a Luminosity, ka rufe ko'ina da baƙin marufi (Mask), ka buɗe ƙirjin rigar kawai da farin burushi mai laushi. Hasken da inuwar za su fito daga launin da ya tsira, launin rigar kuma ya zauna yadda yake. Za ka ji wasu na cewa a ninka hoton a sa Multiply. Yana taimakawa a inda akwai saura, amma a kan 255 ko sau goma ka ninka fari zai ba ka.

To idan ka auna ka ga 255 uku reras fa? Nan maganar dawowa ta ƙare, sai faci. Abin da na fi gani a albam ɗin yara masu tasowa shi ne su ja hasken da ƙarfi har farin ya koma ruwan toka. Wallahi gara farin. Farar riga a rana ido ya saba da ita, ba wanda zai tsaya tambaya, amma shafaffen toka a ƙirjin ango kowa zai ce rigar ta yi dauɗa.

Facin da ya fi kyau daga cikin memorinka zai fito. Ba hoto ɗaya ka ɗauka ba ranar nan. Duba wanda ango ya juya wa rana baya, ko wanda ya shiga rumfa ana gaisawa, ko na wajen walima. Ka yanko aikin daga can, ka daidaita girmansa da karkatarsa, ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari don ya yi kama da abin da rana ta haska. In babu ko ɗaya, rigar ai tana nan a gidansa. Ka roƙe shi ya sake sa ta ka ɗauka a inuwa. Kunyar minti goma ce, kuma angwaye ba sa ƙin a sake ɗaukarsu. Kafin ka kai wanki, ka sauke farin da ya rage zuwa wajen 248 ko 250, domin a injin buga hoto mai tawada inda yake 255 ba a zuba komai, takarda ce tsirara, kuma tana iya bambanta da kewayenta in haske ya doke ta.

Na san za ka ce Photoshop yana da Generative Fill, mai cike gurbi a hoto da kansa, tun 2023, me zai hana ka bar shi ya cike? A sararin sama da ya ƙone, ko bango, ko rumfa, bismillah. A kan aikin riga ban yarda ba. Ƙirƙira yake yi, bai san abin da ke wurin ba. Mutumin da ya zauna da maɗinki ya zaɓi aska takwas, ya biya kuɗinsa, ya yi ta sintiri kafin a gama, ya san aikinsa sarai. Ka miƙa masa albam da wani zane na daban a ƙirji, ka ga yadda za ku ƙare.

Malam barka da aiki. Mahaifiyata ta rasu bara. Hoton da ya fi mana kyau nata an ɗauke shi ne a bakin taga, rabin fuskarta da mayafinta haske ya cinye. A WhatsApp aka turo mini, kuma ni waya kawai gare ni. Ina so in wanke shi babba. Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri. 'Yar'uwa, gyaranki na farko ba a manhaja yake ba, a cikin dangi yake. Ki bi sawu ki gano wayar da ta ɗauki hoton. WhatsApp yana rage girman hoto ya ƙara matse shi idan an tura shi ta hanyar da aka saba, kuma ɗan abin da ya saura a wurin hasken yana cikin abin da yake fara salwanta. In ya bi ta hannun mutum uku ko huɗu, wani ma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo, to abin da ya iso gare ki inuwar na asalin ce. Wanda yake da shi ya turo miki a matsayin Document, haka zai zo yadda yake ba a taɓa shi ba.

Daga nan ki sauke Snapseed, ta Google ce kuma kyauta ce. Ki shiga Tune Image ki rage Highlights a hankali. Sai ki ɗauki Brush, ki zaɓi Exposure, ki sa shi a -0.3, ki shafa gefen fuskar da ya yi fari kaɗai. In bai isa ba ki gwada -0.7, kada ki wuce nan. A fatar mutum ja ne yake fara ƙonewa, kore da shuɗi sukan tsira, don haka ki gwada mayar da hoton baƙi da fari ki zaɓi matatar kore ko shuɗiya a ciki. Sau da yawa kumatu da gefen hanci da suka ɓace sai su dawo, kuma hoton tsohuwa a baƙi da fari yana da kwarjini a bango. Kafin ki fitar da shi, ki shiga saitin manhajar ki kai ingancin JPEG ɗin 100.

Manhajojin nan da ake talla masu gyara fuska da dannawa ɗaya, ki yi hattara da su a wannan hoton. Fuska mai kyau za su ba ki, sumul, amma inda haske ya cinye da zato suke cikewa, sai ki ga ido ko baki ya sauya kaɗan. Baƙo ba zai lura ba, ke da 'yan'uwanki za ku lura. In kin gwada, ki ajiye na asalin, ki jera su biyu ki nuna wa wata babba a gidan kafin ki kai wanki. Mayafin kuwa ki bar shi da farinsa, ba shi ake kallo ba.

Malam, ina shirin ɗaukar hawan Sallah, ga fararen rawuna ga rana. Yaya zan kauce wa wannan tun daga wajen ɗauka? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Madalla da mai tambaya kafin aukuwa. Kada ka amince da fuskar kyamara a cikin rana, ƙarya take yi. Kunna gargaɗin haske, wanda yake sa inda ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa idan ka duba hoton. Ka rage hasken ɗauka zuwa -0.7, in rana ta take ka kai -1, har rawanin ya daina ƙyaftawa. Fuskoki za su ɗan yi duhu, kada ya dame ka, ɗago inuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan nemo abin da ya ƙone. Masu Canon su kunna Highlight Tone Priority, saitin da yake kare wuraren haske daga ƙonewa, sai dai ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, ba zai sauka ƙasa da 200 ba. Masu Nikon suna da makamancinsa, Active D-Lighting. A ɗaurin aure kana iya jan mutane zuwa inuwa ko ka cika fuskokinsu da filasha, amma mahayi ba zai tsaya maka ba, don haka ka zaɓi gefen da rana take bayanka ko kafaɗarka tun kafin dawaki su taso. Mai waya ya taɓa farin rawanin a fuskar wayar, ya ja alamar hasken ƙasa kafin ya danna.

Sannan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto kamar yadda kyamara ta kama shi kafin ta sarrafa shi zuwa JPEG, ko RAW da JPEG tare. RAW yana riƙe mataki 4,096 in bit 12 ne, ko 16,384 in bit 14 ne, kuma sau da yawa akwai sauran haske a samansa wanda kyamara take yarwa idan tana haɗa JPEG. Shi ma yana ƙonewa in an wuce gona da iri, amma ya fi haƙuri. Wayoyi ma sun samu: iPhone tun daga 12 Pro yana da ProRAW, wayoyin Android da dama kuma suna ajiye DNG, shi ma nau'in RAW ne, a yanayin Pro. Kukan da kowa yake yi da RAW na cin wurin ajiya ne. Kyamara mai megafiksel 24 takan ci wajen megabait 25 zuwa 30 a hoton RAW ɗaya, wato memori mai gigabait 32 zai ɗauki kimanin hoto dubu. Ka sayi biyu, ka gwada su a gida kafin ranar hawa.