Ko ya dace a je Luzern a watan Janairu?

Malam, ka tambaya ko zuwa Luzern ta ƙasar Suwizalan a Janairu yana da amfani. Yana da shi, in dai ka shirya wa sanyi. Sanyin can ya wuce na hunturunmu nesa ba kusa ba, don haka ka tanadi riga mai kauri, safar hannu da takalmin da ruwa ba ya shiga.

Abin da ya fi damun baƙi shi ne hazo. Yakan rufe tafkin Luzern da garin wuni guda, alhali kan duwatsu rana tana haskawa. In ka ga haka, shiga jirgin ruwa zuwa ƙauyen Vitznau, ka hau jirgin ƙasan dutsen Rigi, wanda aka buɗe a 1871, yana kuma aiki duk shekara. Jirgin ƙasan dutsen Pilatus kuwa a rufe yake da hunturu, sai dai ka bi motar igiya mai tafiya a rataye a sama daga garin Kriens da ke kusa da Luzern.

Ka fita da wuri, don kafin ƙarfe 5:30 rana ta faɗi. Gadar katako ta Kapellbrücke, wadda aka gyara bayan gobarar 1993, tana kusa da tashar jirgin ƙasa, da ƙafa za ka isa. Ranar Lahadi yawancin shaguna ba sa buɗewa, sai na cikin tasha.