Hukuncin cin bashi mai ruwa da jinginar gida don saye da gyara da sayarwa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta malam, ni mazaunin Amurka ne. Na yi shekaru ina aiki har na tara dala 70,000, ina so in shiga sana'ar sayen tsofaffin gidaje, a gyara su a sayar. Na samu gida na dala 200,000, gyaransa zai ci kamar 50,000, dillali kuma ya ce in an gama zai yi 320,000. Banki ba ya ba da bashi a kan gidan da ya lalace haka. Sai aka haɗa ni da wani kamfani mai zaman kansa, irin waɗanda a nan ake kiran bashinsu "had moni". Za su ba ni dala 200,000 cikin kwana goma: 150,000 na saye, 50,000 na gyara. Ba ruwansu da albashina, gidan kawai za su riƙe jingina. Sharaɗinsu kashi 12 cikin ɗari a shekara, da kashi 3 ranar sa hannu, wa'adi wata 12. Wani abokina ya ce wannan ba haram ba ne tunda ba banki ba ne, kuma kasuwanci zan yi da kuɗin. Wani kuma ya ce ai malamai sun halatta bashin gida ga mazauna ƙasashen Turawa. Mene ne hukuncin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun alƙalami bai taɓa takarda ba.

Wannan bashi haramun ne, kuma haramcinsa ba ya cikin mas'alolin da ke da duhu. Sana'ar da kake son shiga halal ce, jingina ma halal ce. Abin da ya ɓata lamarin shi ne ƙarin da aka shardanta a kan bashin. A Hausa kalmar "riba" idan an rubuta ta tana ɗaukar ribar ciniki, tana kuma ɗaukar wadda Allah ya hana, don haka zan riƙa ce wa ta haram "ruwa" kamar yadda muka saba, in bar "riba" ga ta ciniki.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta ruwa. A aya ta 278 da 279 ya umarci muminai su bar abin da ya saura na ruwa, in sun ƙi su san yaƙi daga Allah da Manzonsa, in kuma sun tuba suna da uwar kuɗinsu, ba su zalunta ba, ba a zalunce su ba. To uwar kuɗi a nan dala 200,000 ce. Duk abin da aka ɗora a kanta don wucewar lokaci ruwa ne. Kashi 3 na ranar sa hannu ma ruwa ne da aka karɓa tun gaba, ko da an sa masa sunan kuɗin hidima. Malaman zamani sun yarda mai ba da bashi ya karɓi ainihin abin da ya kashe, kamar ladan wanda ya kimanta gidan ko kuɗin rajistar takardu. Amma kuɗin da ke girma da girman bashin ba na hidima ba ne, domin takardar bashin dala 200,000 ba ta fi ta 100,000 cin tawada ba.

Kada ka ce laifin na mai karɓa ne. Imamu Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci mai cin ruwa da mai bayar da shi da marubucinsa da shaidunsa biyu, ya ce duk ɗaya suke.

Abokinka na farko ya yi kuskure biyu. Lokacin da ayoyin suka sauka babu banki a Makka ko Ɗa'ifa. Mutum ne ke ba mutum. Ruwan da Annabi ya fara sokewa a huɗubar ban-kwana na baffansa Abbas ne. Batun kuma cewa na kasuwanci ne ba na ci ba, Ƙuraishawa fatake ne, kuma nassin bai ware bashin fatauci ba. Taron Cibiyar Binciken Musulunci ta Azhar a 1965 ya faɗa a fili cewa ruwa a kan kowane irin bashi haramun ne, babu bambanci tsakanin na ci da na juyawa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haramcin ruwan bashi a zamanta na Jidda a 1985.

Abokinka na biyu ya ji ƙyas ne bai ji ƙarshen magana ba. Gaskiya ne a 1999 Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta yi rangwame ga Musulmin da ba shi da muhalli ya sayi gida ta hanyar banki. Amma ta ɗaure rangwamen da sharuɗɗa: gidan ya zama na zamansa da iyalinsa, ba shi da wani, kuma bai samu hanyar halal ba. Malamai da dama ba su yarda da fatawar ba ko a hakan. Kai ba matsuguni kake nema ba, ƙarin dukiya kake nema, don haka ko a wurin masu rangwamen ba ka shiga ciki. Ra'ayin Imamu Abu Hanifa na halatta irin wannan mu'amala a ƙasar da ba ta Musulunci ba ma ba zai ɗauke ka ba. Malik da Shafi'i da Ahmad sun saɓa masa, har almajirinsa Abu Yusuf, kuma manyan Hanafawa na baya kamar Ibnul Humam sun bayyana cewa maganar a kan Musulmin da ƙarin zai shiga hannunsa ne. Kai ƙarin daga aljihunka zai fita.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ya fi damuna. Ka ce ba ruwansu da albashinka, gidan kawai suke kallo, kuma na ji alamar wannan ne ya faranta maka. Ni shi ne ya tsorata ni. Wanda ya tambayi albashinka yana so ya san za ka iya biya. Wanda bai tambaya ba ya riga ya yi lissafin abin da zai samu in ka kasa. Shi ya sa irin waɗannan kamfanoni ba sa yawan wuce kashi 65 zuwa 75 na ƙimar gidan bayan gyara. Naka bashin bai kai kashi 63 na 320,000 ba. Ratar da ke tsakani ita ce garkuwarsu, kuma da kuɗinka da guminka aka yi ta.

Mu yi lissafi da alƙaluman da ka kawo. Ranar sa hannu ka biya dala 6,000. Kowane wata ka biya 2,000, wadda ba ta rage ko sisi daga uwar kuɗin. Dala 200,000 tana nan cur tana jiranka ranar da wa'adi ya cika. In komai ya tafi daidai ka sayar cikin wata shida, ruwa ya ci 18,000. Ka cire ladan dillalai da kuɗin rufe ciniki, a ce 20,000, da harajin gida da inshora da wuta da ruwan famfo, a ce 5,000. Daga 70,000 ɗin da kake hange saura 27,000.

Amma tsohon gida ba ya faɗa maka cutarsa sai ka fasa bango. Kafinta ya ɗaga katakon ƙasa ya tarar gara ta cinye ginshiƙi, ko mai famfo ya ce bututun duk sun ruɓe. Takardar izinin gyara ta maƙale a ofishin hukumar gari mako shida. Kuɗin gyaran nan 50,000 kuwa ba a hannu za a damƙa maka ba: kai za ka fara biyan ma'aikata, su aiko mai dubawa ya ga aikin, sannan su saki kaso, wasu ma suna lissafa ruwa a kan kuɗin da ba su sake ba tukuna. A ce an kai wata 12, kasuwa kuma ta sauka kashi 10, gidan ya tsaya a 288,000. Tsakanin abin da ka kashe da abin da ka sayar 38,000 ne. Ruwa ya ci 30,000, sayarwa da ɗawainiyar shekara sun ci fiye da 25,000. Ka yi shekara kana wahala ka fita da asarar kusan 17,000 ko fiye, ban ma sa kuɗin ginshiƙin da gara ta ci ba. Shi kuwa mai kuɗin ya karɓi 200,000 ɗinsa da 30,000 a kai, bai taɓa riƙe guduma ba.

Kada ka ce kasuwa ba ta sauka. Daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a Amurka ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan haka ma, daga Maris na 2022 babban bankin ƙasar ya yi ta ɗaga ruwa, har bashin gida na shekara 30 da ke wajen kashi 3 a 2021 ya kusa kashi 8 a Oktoban 2023. Masu saye suka ja baya, waɗanda suka gama gyara suka zauna da gida a hannu, wata na ƙarewa wata na kamawa.

Wannan rabo, inda ɗaya ke da tabbacin samu ɗaya ke ɗauke da dukan hasara, shi ne ainihin abin da shari'a ta ƙi. Hadisin Nana A'isha ya ce amfanin abu yana tare da lamuninsa, wato mai cin riba shi ne mai ɗaukar asara. Hatsarin da kake gani a wannan bashi da haramcinsa daga tushe ɗaya suka fito.

In wa'adi ya cika ba ka sayar ba, sai su ce ka biya kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari a ƙara maka wata uku, ko ruwan ya haura zuwa na wanda ya saɓa alkawari. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Zaidu ɗan Aslam cewa ruwan jahiliyya shi ne in wa'adi ya yi mai bashi ya ce: za ka biya ko za ka ƙara? Ka duba takardar da za su ba ka, za ka tarar da wannan jumla da wasu kalmomi. Allah kuwa cewa ya yi a aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa sauƙi.

Jingina kanta ba laifi. Aya ta 283 ta ambace ta, kuma Annabi ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude kan sa'i talatin na sha'ir. Amma jingina a Musulunci amana ce ta tabbatar da haƙƙi: a sayar da adalci, mai bashi ya ɗauki nasa, a mayar da ragowa. A jihohi irin su Teksas da Jojiya ana iya yin gwanjon gida ba tare da an je gaban alƙali ba, ranar Talatar farko ta wata, kuma gidan da aka bari da rabin gyara ba ya yin daraja a gwanjo. Dokar tarayya ta 1968 da ke kare masu cin bashi ba ta shafi bashin kasuwanci ba. Sannan galibinsu, ko da da sunan kamfani ka ci bashin, sai sun sa ka lamunce da kanka, ta yadda in gwanjo bai biya ba a jihohi da yawa za su bi sauran dukiyarka. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta shiga lissafi. An tambayi Annabi me ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, ya ce mutum in ya ci bashi sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Wanda dala 2,000 ke bin sa kowane wata shi ne ke shafa fenti a kan bangon da ke yoyo, ya ja bakinsa ya yi shiru a gaban mai saye, ya riƙe ladan lebura. Wanda ya yi algus kuwa Annabi ya ce ba ya tare da mu.

To me za ka yi? Kuɗinka 70,000 jari ne mai albarka. Ka nemi mutum biyu ko uku ku yi tarayya, kowa ya zuba nasa, a rubuta kamfani bisa dokar jiharku, riba bisa kason da kuka amince, asara bisa gwargwadon jarin kowa. Ko ka yi ƙirali, wanda ake kira mudaraba: wani ya kawo kuɗi kai ka kawo aiki, in an yi asara ba da sakacinka ba shi ya rasa kuɗi kai ka rasa wahala. Ko mai kuɗin ya sayi gidan ya mallake shi da gaske, sannan ya sayar maka da farashi sananne zuwa wa'adi, wanda ba ya ƙaruwa in ka makara. Ko mai gidan kansa ya sayar maka biya sannu a hankali a kan ƙayyadadden farashi ɗaya. Sai dai ka kula: in abokin tarayya ya ce a lamunce masa uwar kuɗinsa da kaso kaza kowane wata ko an ci ko an faɗi, bashin nan ne ya sauya riga. In duk waɗannan ba su samu ba, ka bar gidan ya wuce, ka fara da ƙarami wanda kuɗinka zai iya.

Wanda kuma ya riga ya sa hannu kafin ya san hukuncin, ya tuba, ya gaggauta fita ko da zai rage farashin gidan. Ya duba ko takardarsa ta ɗora tara ko mafi ƙarancin ruwa a kan biya da wuri, ya nemi lauya ya karanta masa, ya roƙi a yafe masa ƙarin in zai yiwu. Kada ya daina biya kai tsaye a ƙwace gidan, cutar ta ninku, kada kuma ya ci sabon bashi mai ruwa don ya rufe tsohon, sai in ya tabbata ba shi da wata mafita kuma na biyun ya fi sauƙi. Wannan kam sai ya kai takardunsa gaban malamin da ke kusa da shi a duba halinsa.

Wallahu a'alam.