Hannun hagu, ba hannu biyu ba

Yaro, tunda kana koyon alƙalancin sofbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda a zaga tashoshi da gudu, ka tambaye ni: idan mai tsaro ba ta riƙe da ƙwallo amma ta tare wa mai gudu hanya, nan take za ka kashe wasa? A'a! Wannan tambayar taka ta fama mini tsohon miki.

Wasan ƙarshe ne na wata gasar sofbol ta mata, zagaye na 7, ana kunnen doki. Ina alƙalanci, ina tsaye kusa da tasha ta biyu. Aka doki ƙwallo, mai gudu ta taso za ta tasha ta uku, sai mai tsaro ta sha gabanta, kafaɗa ta bugi kafaɗa, har naji ƙarar hular kwanonta. Kafin in ankara hannuwana biyu suna sama, na yi ihu ƙwallo ta mutu, wato wasa ya tsaya. Ashe jifan da aka yi ya wuce kan mai tsaron tasha ta uku, yana ta gangarawa. Da na yi shiru, yarinyar nan a tsaye za ta shiga gida, wato tashar ƙarshe inda ake cin maki. Na ba ta tasha ta uku, a can ta maƙale, ƙungiyarta ta sha kashi. Abokin alƙalancina bai ce mini uffan ba a fili, sai ya zagaya ya kai ni gaban kwamiti. Shekara uku ba a sake ba ni wasan ƙarshe ba, shi kuwa aka ɗaga shi. Har gobe abin yana ci mini rai.

Tare hanya ba ya kashe ƙwallo nan take. Ka miƙa hannun hagu gefe, a dunƙule, ka furta laifin, ka bar wasa ya ci gaba. In an fitar da mai gudu daga wasa kafin tashar da ka tabbata za ta kai, sannan ka kashe, ka ba ta haƙƙinta. Amma in mai gudu ce ta hana mai tsaro kama ƙwallo, ko ta bar tasha kafin ƙwallo ta fita daga hannun mai jefa wa mai duka, hannu biyu sama, ta fita.

Sauran ba zan ɓata yawuna ba, ko mai share fili ya sani. Ku yaran yanzu ɗoki ya yi muku yawa, burinku a ga hannunku a bidiyon waya. Ranar Asabar ka zo da wuri ka tsaya bayana, kuma ka bar wayar a jaka.